An Cire Mini Matsarmama, Amma Ciwon Bai Tafi Ba

Ni haifaffen Garwa ne, a arewacin Kamaru, kuma gidanmu gidan fawa ne. Kakana ya zo daga ƙasar Kano da wuƙarsa ya zauna a bakin kogin Binuwai, mahaifina ya gaje shi, ni kuma na tashi tsakanin makarantar allo, makarantar boko ta Faransanci, da mayanka. Aikin farko da ake yarda yaro ya yi da wuƙa a gidanmu shi ne raba matsarmama da hanta. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan riƙe hannuna ya ce in bi a hankali, domin idan ta fashe koren ruwan nan ya malale a kan hantar, an yi asara, ko an wanke ɗacin ba ya fita. A yanke ta, a jefar, shi ke nan. Ban taɓa jin wani ya tambayi amfaninta ba. Da na girma na bar ɗanyen nama na koma kilishi, ina aikawa Yawunde da Duwala. Allah Ya sa wa abin albarka, na yi aure, na samu 'ya'ya, na ajiye yara masu taya ni aiki.

A 2020 ciwon ya fara. Yakan zo da dare, musamman idan na ci tuwo da man shanu ko farfesun kayan ciki. Ya kama ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, ya zagaya baya, ya hau har kafaɗa. Ba ya barin mutum ya kwanta, ba ya barin ya zauna, sai zufa da amai. An ce olsa ce, na sha maganinta. An ce taifot ce, na sha allurai. Sai a 2021 aka yi mini hoton ciki, wanda muke ce wa eko, aka ga matsarmamata cike da tsakuwa. Da likita ya ce sai an cire ta, ko gezau ban yi ba. Abin da na yi shekaru ina jefarwa da hannuna, me zai dame ni don an jefar da nawa? Aka yi aiki, aka tsaga ƙarƙashin haƙarƙari, na farka aka nuna mini tsakuwoyin a cikin 'yar kwalba. 'Yan dubiya suka cika ɗaki, kowa na cewa an rabu da wahala. Ni ma haka na ɗauka.

Ɗinki bai gama bushewa ba zawo ya fara. Zan faɗi yadda yake dalla-dalla, duk da na san ba maganar da dattijo ke yi a bainar jama'a ba ce, domin rashin faɗarta ne ya sa da yawa daga cikinmu ke fama a ɓoye. Ruwa ne tsululu, rawaya, mai zafi a wajen fita. Ya fi zuwa da safe, ko jim kaɗan bayan cin abinci, kuma ba ya sallama. Cikin ya murɗa sau ɗaya, to in ba ka kusa da bayan gida, ka shiga uku. Ga kumburi, ga iska, ga ɗaci a baki idan na tashi da asuba. Bayan 'yan watanni kuma sai ciwo ya dawo, wannan karon a tsakiyar ciki daga sama, inda ƙirji ya ƙare. Wani lokaci zafi-zafi ne kawai, wani lokaci kuma matsa ce irin ta da, har na riƙa tambayar kaina ko dai ba a cire komai ba.

Na koma wurin wanda ya yi mini aikin. Ya ɗaga rigata, ya duba tabon, ya danna nan da can, ya ce aiki ya yi kyau. Ya rubuta mini maganin atini, ya ce in rage yaji. Da na sake komawa, amsar ba ta canza ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, domin na ga layin da ke jiransa a waje, kuma gaskiya ce aikin nasa ya yi kyau. Ƙorafina ɗaya ne, kuma har gobe ina nan a kansa: tun kafin a kwantar da ni har aka sallame ni, ba wanda ya zaunar da ni ya ce mini ga abin da zai iya biyo baya. Da an faɗa mini, da na san abin da nake fuskanta. Mutumin da aka bari cikin duhu, kowa ya zo da fitilarsa sai ya bi shi.

Aka kuwa zo da fitilu kala-kala. Abokan sana'a suka ce basir ne, ga jiƙo. Wani ya rantse cewa an manta da almakashi a cikina, ya ji an taɓa yi wa wani haka. Mahaifiyata ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Kasuwarka ta buɗe, idon mutane ya yi maka yawa." Ta sa aka yi mini rubutu, na sha don in kwantar mata da hankali, kuma addu'a ba ta taɓa zama asara ba. Amma saiwoyin da ake kawo mini, wasunsu masu wanke ciki ne, ga mutumin da cikinsa ya riga ya ƙi tsayawa. Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce maganar yayana. Ya dube ni ya ce, "An cire ciwon, mun gani a kwalba. Saura kuma ka sa wa ranka ne." Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya biya rabin kuɗin aikin. Sai dai daga ranar na daina faɗa masa komai.

Akwai wata Juma'a da ba zan manta ba. Na yi wanka, na sa farar shadda, na samu wuri a sahun gaba-gaba kamar yadda na saba. Liman yana tsakiyar huɗuba cikin ya murɗa. Na dafe, na sunkuyar da kai, zufa ta jiƙa mini hula. Na ƙirga sahun da ke bayana, na ga ba yadda zan fita sai na tsallake kafaɗun mutane, cikinsu har da surukina. Na tashi. Ina jin idanu a bayana, ina ba da haƙuri da hannu, ina neman takalmina a cikin tulin takalma hannuna na rawa. Na isa makewayin masallaci na tarar da mutum a ciki. Abin da ya faru a bakin ƙofar nan ni da Allah muka sani, sai kuma matata, wadda ta karɓi kayan ta wanke da kanta ba ta ce uffan ba. Da dare ta kawo mini ruwan zafi ta ce, "Malam, lalura ce, ba kai ka ɗora wa kanka ba." Na juya fuskata bango don kada ta ga hawayena.

Daga nan na fara janyewa. Ɗaurin aure, suna, zaman makoki, duk na riƙa aika yaro da uzuri. A garinmu kuwa wanda ba ya zuwa sabgar mutane an san sunan da ake ba shi. Aka fara cewa kuɗi sun sa na yi girman kai. In zan fita kasuwa ba na karyawa, in zan yi tafiya ba na cin komai tun daren jiya. Na san inda kowane bayan gida yake tsakanin gidana da wurin aikina. Na rame har wandunana suka daina zama a ƙuguna.

Sana'ar ma ta taɓu. Mai kilishi da harshensa yake aiki. Kowa na iya yanka nama fale-fale ya shanya, amma labu, wato haɗin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki, shi ne sirrin gida, kuma sai an ɗanɗana ake sanin ya yi. Ni kuwa lakata biyu na labu sun isa su tayar mini da ciki yini guda. Na koma ina tsaye a kan babban yarona yana ɗanɗanawa, ina tambayarsa ko gishiri ya ji, ko citta ta yi yawa. Wani tsohon mai sayen kayana a Duwala ya bugo waya ya ce kilishin bana ba irin na da ba ne. Na ce masa za a gyara, na kashe wayar na daɗe zaune.

Azumin 2022 ya faɗo a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40. Da rana cikin yakan lafa tunda ba abin da ya shiga, amma da an sha ruwa, aka kawo ƙosai da kunun gyaɗa, sai in kwana ina zarya. Ruwan da na sha da dare ya fita kafin sahur, in wayi gari jiri na ɗibata. Na je wurin malaminmu na faɗa masa komai ban rage ba. Ya ce, "Alhaji, Allah bai ɗora wa mara lafiya azumi ba. Ka sha, ka rama idan ka samu sauƙi." Ya kuma ce in riƙa tsayawa a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, kuma ba a son mutum ya yi salla yana matse da bayan gida. Wannan magana ta sauke mini kaya mai nauyi. Shi ne mutum na farko a wajen gidana da ya saurare ni har na gama.

Hanyar samun sauƙi ta buɗe ta inda ban zata ba. Haƙori ya dame ni, aka sayo mini wata ƙwaya mai ƙarfi. Ko awa guda ba a yi da shanta ba, ciwo ya kama saman cikina irin wanda ban taɓa ji ba, har da na kafin aiki. Aka ɗauke ni cikin dare zuwa asibiti. Wani matashin likita ne ke aikin dare. Ya ga tabon, ya karɓi kwalin maganin ya karanta, ya ce akwai kodin a ciki. Ya bayyana mini cewa a inda bututun ruwan ɗaci ya haɗu da hanji akwai wata 'yar tsoka mai buɗewa da rufewa, likitoci na kiranta da sunan Oddi. Kodin da danginsa suna sa ta ɗaure tamau, kuma wanda ba shi da matsarmama ba shi da inda ruwan zai koma ya taru, sai bututun ya cika ya yi ta ciwo. Ya ce kada in ƙara shan irinsa, kuma duk likitan da zai rubuta mini magani in fara gaya masa an cire mini matsarmama. Sannan ya tambaye ni yadda nake tun bayan aikin. Da na gama ba shi labari ya ce wannan aikin ƙwararren likitan ciki da hanta ne, ya rubuta mini takarda zuwa Yawunde.

Na sayar da babur da wani ɗan fili. Na hau mota zuwa Gaundare da cikina wayam, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde ina zaune kusa da ƙofar bayan gida, na sauka a unguwar Birkitiri wurin 'yan'uwanmu Hausawa masu karɓar kayana.

Likitar mace ce, ba ta jin Hausa ko Fulatanci, da Faransanci muka yi magana. Ba ta fara da ɗaga rigata ba. Tambayoyi ta yi ta yi: launin bayan gidan, lokacin da yake zuwa, ko yana tashe ni daga barci, ko akwai jini, ko idona ya taɓa yin rawaya, ko na taɓa zazzaɓi mai karkarwa tare da ciwon, waɗanne ƙwayoyi nake sha. Sannan ta jawo takarda ta zana hanta da hanji.

Ta ce hanta ce ke yin ruwan ɗacin, rabin lita ko fiye a kowace rana, kuma aikinsa narkar da maiƙo. Matsarmama ba ta yin komai sai ajiya: tana ɗaukar wajen mililita 50, ta kaurara shi, idan mutum ya ci abu mai maiƙo ta matso shi a lokaci guda. Da aka cire ta, hanta ba ta daina aiki ba, ruwan ne ya koma ɗiga cikin hanji dare da rana, ko da abinci ko babu. A ƙa'ida, ƙarshen ƙaramin hanji yana tsotse wajen kashi 95 cikin 100 na sinadarin ɗacin ya mayar wa hanta. A jikin wasu mutane abin da ke tserewa zuwa babban hanji yakan yi yawa, shi kuma babban hanji idan ɗacin ya taɓa shi sai ya saki ruwa ya yi ta turawa. Zawona ke nan. Ta ce yawancin waɗanda aka yi wa wannan aiki suna warkewa sarai, amma wajen mutum 10 zuwa 15 cikin 100 sukan ci gaba da wata damuwa, wasu ƙididdigar ma sun fi haka. Na tambaye ta ko dai ni na sa wa raina. Ta ce a'a, abu ne sananne, yana da suna a littattafansu. Na yi shekara da watanni ina jiran wani ya faɗa mini haka.

Ciwon kuwa, ta ce, ba lalle tushensa ɗaya da zawon ba, kuma dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani tsakuwa ce ta rage a babban bututun, ko ta sake fitowa a can. Wani bututun ne ya ƙuntata bayan aiki. Wani tsokar Oddi ce. Wani kuma dama yana da wata cutar daban, olsa ko makamanciyarta, wadda tsakuwa ta rufe ta, aka cire matsarmama ita tana nan. Aka ɗebi jinina don gwajin hanta, aka sa ni cikin babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira IRM aka ɗauki hoton bututun, aka zura mini siririn bututu mai kyamara ta baki har tumbi. Da an ga tsakuwa, ta ce, ta baki ake bi a ciro ta ba sai an sake tsaga ni ba. Ba a gani ba, bututun a buɗe yake, hantar lafiya lau. Amma tumbina ya yi ja, akwai ruwan ɗaci da ke komowa cikinsa, kuma an samu ƙwayar cutar nan da ake kira Helicobacter pylori, mai haddasa olsa. Ga shi na daɗe ina shan diklofenak da ibufurofen duk lokacin da ciwo ya taso, su kuma cin bangon tumbi suke yi. Ta hana ni su, ta ba ni maganin kwana 14 na kashe ƙwayar cutar.

Na zawon kuma gari ne a 'yar leda, giram 4, sunansa kolestiramin. Ana dama shi a ruwa a sha, ya kama ɗacin a cikin hanji ya fita da shi. Ba shi da daɗin sha, yana da tsaki-tsaki a maƙogwaro. Ta gargaɗe ni cewa yana kama sauran magunguna ma, don haka duk wata ƙwaya in sha ta awa 1 kafinsa ko awa 4 zuwa 6 bayansa, kuma idan ya yi yawa yakan ɗaure ciki. Cikin 'yan kwanaki na ga bambanci. Ranar da na fara yin bayan gida irin na mutane, na fito na yi alwala na yi nafila.

Game da abinci, ta tambaye ni ko na san akwai dabbobin da ba su da matsarmama. Na ce na sani, raƙumi ba shi da ita, doki ma haka. Ta ce to in koma ci irin na doki, kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada in tara yunwa in zauna wa babban akushi. Haka nake yi yanzu. Tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa ba mai a sama, shinkafa, dankali, ayaba, kifin Binuwai gasasshe, tsokar nama marar kitse. Na bar man shanu, na bar soye-soye, na bar kayan ciki. Kunun gyaɗa sai an tsinka shi sosai. Madara a shayi tana tayar mini, kindirmo kaɗan kuma ba ya yi mini komai, alhali na san wani da abin nasa akasin haka ne. Matata ta koma yin tukunya biyu, ba ta taɓa nuna gajiya ba, Allah Ya saka mata da Aljanna.

Ba zan ce na warke ba. Matsar nan ta saman ciki tana zuwa jefi-jefi, ta yi kamar rabin awa ko fiye ta saki, kuma likitar tana zargin tsokar Oddi ce. Ta ce aikin da ake yi wa tsokar yana da nasa hatsarin, ba a gaggawar yin sa ga wanda gwajin jininsa da hotonsa suke lafiya, sai dai a ci gaba da lura. Garin maganin ba kowane kanti ke da shi a Garwa ba, wani lokaci sai na sa direban da ke kai mini kaya kudu ya taho mini da shi, kuma idan ya yanke mini zawon yakan dawo. Amma na koma Juma'a, ina tsayawa kusa da ƙofa. Azumin da na sha na rama shi a lokacin sanyi, na kuma yi na 2024 da ƙaramin buɗa-baki ba soye. Labu ina taɓa shi da bakin harshe in tofar, yarona ya ƙarasa.

Kada wani ya karanta wannan ya ƙi yarda a yi masa aiki. Tsakuwar da aka bari tana iya toshe bututu, matsarmama ta ruɓe, mutum ya rasa ransa, kuma da za a mayar da ni 2021 da na sake sa hannu. Wanda kuma aka riga aka yi masa, idan ya ga idonsa ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, ko zazzaɓi da karkarwa sun haɗu da ciwon ciki, wannan ba na jiƙo ba ne kuma ba na jiran gobe ba ne, a tafi asibiti a daren.

Kwanan baya wani ƙanina ya zo daga Marwa. Muna hira yake ce mini an yi wa matarsa irin aikina bayan haihuwarta ta ƙarshe, kuma tun daga lokacin ta daina zuwa biki, ta daina cin abinci a gidan kowa, har danginsa sun fara cewa ta raina su. Na tambaye shi ko ya taɓa tambayarta yadda cikinta yake. Ya yi shiru. Na sa matata ta kira ta a waya, ta shige ɗaka suka daɗe suna magana. Da ta fito ta ce mini, "Malam, irin naka ne sak, kunya ce ta hana ta faɗa." Na rubuta masa tambayoyin da likitar ta yi mini da sunan gwaje-gwajen, na ce kada ya saya mata garin maganin da ka, ya kai ta a duba ta tukuna, domin nata dalilin zai iya bambanta da nawa. Sun samu ganin likita a Marwa, an ɗebi jininta, an ba su ranar da za su koma yin eko.